Hukuncin Sulfit, Gishirin Farar Wuta da Ake Sa wa Giya da Abinci

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Yabo da godiya sun tabbata ga Allah Ubangijin halittu, wanda ya halatta wa bayinsa daɗaɗan abubuwa, ya haramta musu munana. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ƴan'uwa Musulmi, darasinmu na wannan fitowa yana magana ne a kan wata kalma da ta jefa mutane da yawa cikin waswasi. Kantunan Maraɗi da Damagaram da Tawa da Yamai cike suke da kayan ƙasashen waje: zabibi, busassun ƴaƴan itatuwa, mutardi, lemon kwalba da na kwali. Wanda ya iya karatun boko idan ya duba rubutun da ke jikinsu, sau da yawa yakan ga an rubuta da Faransanci cewa akwai "sulfites" a ciki. To ita wannan kalma ita ce dai ake rubutawa a jikin kwalaben giyar inabi. Daga nan sai wani ya ce: ashe giya ake zuba mana a abinci. Sai magidanci ya zubar da abin da ya saya da guminsa, a kuma soma zargin mai kanti Musulmi da sayar da haram.

Mas'alar ba ƙarama ba ce, domin ta shafi abin da muke sawa a cikinmu, da mutuncin ɗan'uwanmu mai kasuwanci, da kuma haƙƙin Allah na halattawa da haramtawa. Malaman usulu sun kafa ƙa'ida cewa ba a yanke wa abu hukunci sai an san haƙiƙaninsa. Saboda haka za mu fara da sanin abin, sannan hukuncinsa ya biyo baya.

Mene ne sulfit?

Kowa ya san farar wuta, wadda Larabawa ke kira kibritu, wadda ƴan koli da masu maganin gargajiya ke sayarwa don ƙazwa da sauran cututtukan fata. Ma'adini ce daga cikin ma'adinan ƙasa. Ana samunta a bakin duwatsu masu aman wuta, amma mafi yawan wadda ake aiki da ita a yau ana fitar da ita ne wajen tace man fetur da iskar gas. Idan aka ƙona ta sai ta ba da hayaƙi mai shaƙe maƙoshi, irin warin da mutum ke ji lokacin da ya ƙyasta ashana. Wannan hayaƙi shi ne asalin sulfit. Ana aiki da shi a matsayinsa na iska, ko kuma a haɗa shi da wasu ma'adinai irin waɗanda ke cikin kanwa da toka da farar ƙasa, ya zama farin gari mai kama da gishiri. Don haka idan muka kira shi gishirin farar wuta ba mu yi nisa da gaskiya ba.

Ƙasashen Turai sun ba kowane sinadarin da ake ƙara wa abinci lamba mai farawa da harafin E. Lambobin dangin sulfit su ne E220, wato hayaƙin kansa, sai E221, E222, E223, E224, E226, E227 da E228. Wani lokaci ba a rubuta lambar, sai a rubuta sunan da Faransanci, kamar "anhydride sulfureux" ko "disulfite de sodium" ko "métabisulfite de potassium". Duk gida ɗaya ne. Abin lura a nan shi ne babu ɗaya daga cikinsu da ake tatsowa daga giya, ko alade, ko mushe, ko jini. Daga ma'adini suke.

Don me ake sa shi a giya da abinci?

Sulfit yana aiki biyu. Na farko, yana hana ƙananan halittun da ido ba ya gani yaɗuwa, waɗanda su ne ke sa abinci ya yi tsami ko ya yi fumfuna. Na biyu, yana tsare abinci daga aikin iska. Kun ga yadda dankalin turawa ko yalo ke yin duhu jim kaɗan bayan an yanka shi. Wannan aikin iska ne, sulfit kuwa yana hana shi.

Masu yin giyar inabi sun daɗe da gane haka. Ƙarnuka da yawa ke nan suna ƙona farar wuta a cikin gangunansu kafin su zuba giya, don kada ta lalace ta koma ruwan tsami. Har yau suna zuba sulfit, kuma dokar Tarayyar Turai ta yi musu iyaka: miligiram 150 a kowace lita ga jar giya maras zaƙi, miligiram 200 ga fara, ga wasu masu zaƙi kuma har 400. Tun shekarar 2005 aka wajabta musu su rubuta a jikin kwalba cewa akwai sulfit matuƙar ya wuce miligiram 10 a lita. Wannan ne dalilin da ya sa kalmar ta shahara tare da giya.

Amma masu abinci ma suna aiki da shi, wani lokaci fiye da masu giya. Akwai ɗan itacen da Larabawa ke kira mishmish, Faransawa kuma "abricot", wanda garin Malatiya na Turkiyya ya shahara da busar da shi. Idan aka turara shi da farar wuta kafin a shanya, yakan fito da launin ruwan goro mai haske. Idan ba a turara ba sai ya yi duhu kamar dabino. Dokar Turai ta yarda sulfit ya kai miligiram 2000 a kilo ɗaya na wannan busasshen ɗan itace, wato ya ninka na jar giya fiye da sau 10. Haka zabibi mai ruwan zinariya, da shi ake riƙe launinsa. Ana sa shi kuma a mutardi, da ruwan lemon tsami na kwalba, da garin dankalin turawa, da jatan lande, wasu masana'antu ma da shi suke wanke ruwan rake don sukari ya yi fari.

Akwai wani abu da ya kamata mai hankali ya tsaya a kansa. Abin da ke mayar da ruwan inabi giya shi ne yis, dangin wanda masu gidan burodi ke sa wa kwaɓi, domin shi ke cin zaƙin ya mayar da shi barasa. Sulfit idan ya yi yawa yana tsayar da aikin yis. Shi ya sa masana'antu ke zuba shi a ɗanyen ruwan inabi idan suna so su ajiye shi ba tare da ya zama giya ba. Ashe abin da ake tuhuma da zama giya, wani lokaci shi ne ma ke tsare ruwan inabi daga zama giya.

Hukuncinsa a Shari'a

Haramcin giya tabbatacce ne, babu Musulmi biyu da suka saɓa a kansa. Allah Maɗaukaki ya saukar da shi daki-daki: a Suratul Baƙara aya ta 219, sannan Suratun Nisa'i aya ta 43, sannan hukuncin ƙarshe a Suratul Ma'ida aya ta 90 da ta 91. Sunna kuma ta bayyana illar haramcin, wato sa maye. Muslim ya ruwaito daga Abdullahi ɗan Umar, Allah ya yarda da su, hadisin da ke nuna cewa duk abin da ke sa maye sunansa giya kuma haram ne. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Jabir cewa abin da mai yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma an hana. Saboda haka burkutu da bammi da giyar kwalba duk hukuncinsu ɗaya, ko da sunayensu sun bambanta.

To sai mu tambaya: shin sulfit yana sa maye? Amsa ita ce a'a, kaɗan ɗinsa da mai yawansa. Imam Ƙarafi, cikin manyan malaman mazhabarmu ta Malikiyya, ya rarrabe a littafinsa Alfuruƙ tsakanin abubuwa uku masu taɓa hankali: mai sa maye tare da nishaɗi, da mai gurɓata hankali, da mai sa barci da gusar da ji. Sulfit ba ya cikin ko ɗaya daga cikinsu. Shaihu Halil kuma a farkon Muhtasar, inda ya lissafa abubuwa masu tsarki, ya sanya sandararrun abubuwa a cikinsu, wato duk jikin da ba mai rai ba kuma bai rabu daga mai rai ba, bai toge komai ba sai mai sa maye. Farar wuta tana cikin wannan babi tare da gishiri da kanwa da alif.

Asalin abubuwan ci da sha shi ne halacci har sai dalili ya zo da hani. Malamai sun kafa hujja a kan haka da aya ta 29 ta Suratul Baƙara, inda Allah ya yi mana gori da cewa dominmu ya halicci abin da ke cikin ƙasa gaba ɗaya, da aya ta 119 ta Suratul An'am, inda ya sanar da mu cewa ya riga ya fayyace abin da ya haramta.

Saura shubuha ɗaya, ita ce cewa ai ana zuba shi a giya. Mu duba da kyau. Da me ake yin burkutu? Da dawa da gero. Shin akwai malamin da ya taɓa haramta tuwo ko fura don haka? Ruwa shi ne mafi yawan abin da ke cikin kowace giya, da inabi ake yinta, wani lokaci a ƙara mata sukari. Babu wanda ya haramta ruwa ko inabi ko sukari. Abu ba ya zama haram don an ga irinsa a gidan haram. Sulfit ɗin da aka zuba a cikin giya ya bi hukuncin giyar, kamar yadda ruwan da ke cikinta ya bi. Wanda aka turara zabibi da shi kuwa bai taɓa haɗuwa da giya ba, yana nan a kan tsarkinsa da halaccinsa.

Haka kuma a kiyayi juya maganar. Akwai giyar da ake tallarta da cewa ba a ƙara mata sulfit ba, wai ta fi lafiya. Wannan bai rage mata komai na haramci ba, domin ba don sulfit aka haramta giya ba.

Wuri ɗaya ne sulfit ke shiga hani ta fuskar giya, shi ne sayar da shi ga wanda aka san giya zai gyara da shi. Malamanmu sun hana sayar da inabi ga mai matse shi don giya, saboda toshe hanyar ɓarna, kuma Tirmizi da Ibnu Majah sun ruwaito daga Anas cewa la'ana a kan giya ta haɗa mutum goma, cikinsu har da mai matsewa, da mai ɗauka, da mai sayarwa, da mai cin kuɗinta. Ƴan'uwanmu da ke neman abinci a ƙasashen da ake wannan sana'a su lura da irin aikin da suke karɓa.

Mas'alar khalli da mutardi

Yawancin kwalaben mutardi suna ɗauke da kalmomi biyu masu tayar da hankali: sulfit da "vinaigre". Na farko mun gama da shi. Na biyu shi ne khalli, ruwan tsamin da ake zuba wa salak. Wani lokaci a rubuta "vinaigre de vin", wato khallin da asalinsa giyar inabi ce, wani lokaci "vinaigre d'alcool", wanda asalinsa barasar da aka samo daga sukari ko hatsi ce. A duka biyun wasu ƙananan halittu ne ke cinye barasar tare da taimakon iska, su mayar da ita tsami, har sifar maye ta gushe.

Khalli halal ne. Muslim ya ruwaito daga Jabir cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya ci gurasa da shi kuma ya yabe shi a matsayin mahaɗi. Ibnu Rushdi ya ambata a Bidayatul Mujtahid cewa malamai sun haɗu a kan halaccin giyar da ta juye khalli da kanta, saɓaninsu yana kan wadda mutum ya juya da gangan. Hanafawa sun halatta. Shafi'awa da Hambalawa sun tsananta idan an jefa mata wani abu don ta juye, hujjarsu hadisin Anas a Sahihu Muslim, inda aka nemi izinin mayar da giya khalli Annabi (S.A.W.) bai bayar ba. Abin da ya shahara a mazhabar Maliku, wanda Shaihu Halil ya tafi a kai, shi ne giya idan ta zama khalli ta tsarkaka, ko da hannun mutum ne ya juya ta, duk da cewa ba a so Musulmi ya ajiye giya a gidansa da wannan niyya. Saboda haka khallin da muke saye a kanti, wanda ya iso mana yana khalli, babu laifi a cinsa, haka mutardin da aka haɗa da shi.

Kalmomin da suka cancanci tsoro

Ba muna cewa a daina duba rubutun jikin kaya ba ne. A duba, amma a san abin da ake nema. Akwai mutardi da miyar gwangwani da aka rubuta musu "au vin blanc", ma'ana an zuba farar giya a ciki tana giyarta. Wannan a bar shi, domin giya najasa ce a wurin malamanmu da mafi yawan malamai, kuma ta cuɗanya da abincin. Haka idan aka ga "vin", "bière", "rhum", "cognac", "kirsch" ko "liqueur" a jerin kayan haɗi, musamman a cakulan da kek na ƙasashen Turai. Ta ɓangaren alade kuma a kula da "porc", "lard", "jambon", "saindoux" da "gélatine de porc".

A bambance kuma tsakanin kwalabe biyu masu kama da juna da ake kawowa wajen walimar aure. Wadda aka rubuta wa "jus de raisin" ruwan inabi ne da bai taɓa zama giya ba, halal ne ko da akwai sulfit a ciki. Wadda aka rubuta wa "vin désalcoolisé" kuwa giya ce da aka gama yi sannan aka zare mata barasa, kuma dokar Turai ta yarda a bar ragowar da ba ta wuce rabin kashi ɗaya cikin ɗari ba. Malaman wannan zamani sun yi saɓani a kanta, barinta shi ya fi kuɓutar da addini da mutunci, kamar yadda hadisin Nu'umanu ɗan Bashir, na shida a Arba'una ta Nawawi, ya shiryar game da abubuwa masu rikitarwa.

Mu kuma waiwayi gidajenmu. Zoɓo da kunun zaƙi da jiƙon zabibi ko dabino, idan suka daɗe a cikin zafi, yis ɗin da ke yawo a iska yana iya kama su. Muslim ya ruwaito daga Ibnu Abbas cewa ana jiƙa wa Annabi (S.A.W.) zabibi, ya sha a ranar da kashegari har zuwa yammacin rana ta uku, abin da ya saura kuma ba ya ajiye shi. A ƙasa mai zafi irin tamu abin yakan fi haka sauri. Idan abin sha ya soma kumfa da kansa, warinsa ya canja, ya yi ƙarfi, to a zubar. Wannan ya fi kusa da giya nesa ba kusa ba a kan zabibin kanti.

Inda cutarwa take

Kasancewar abu halal a asalinsa bai hana ya zama abin hani ga wanda yake cutarwa ba. Imam Maliku ya kawo a Muwaɗɗa hadisin da ya hana cuta da cutarwa, malamai kuma suka mayar da shi ɗaya daga cikin manyan ƙa'idojin fiƙihu. A nan ne ya kamata hankalinmu ya koma game da sulfit.

Ga mafi yawan mutane, ɗan abin da ke cikin abinci ba ya yin lahani, domin Allah ya sanya wa hanta hanyar juya shi zuwa wani gishiri da ke fita ta fitsari. Amma masu ciwon fuka, wato asma, akwai waɗanda jikinsu ba ya jure shi. Masu bincike sun ƙiyasta su tsakanin 3 zuwa 10 cikin kowane ɗari na masu wannan ciwo. Cikin ƴan mintoci bayan ci sai ƙirji ya ɗaure, numfashi ya riƙa fita da ƙara, wani kuma jikinsa ya yi borin jini. A Amurka, bayan an samu rahotannin mutuwar wasu da suka ci ganyen salak da aka fesa wa sulfit a gidajen abinci, hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar ta hana sa shi a ɗanyun ganyaye da ƴaƴan itatuwa a shekarar 1986. Dalilin wajabta rubuta sunansa a jikin kaya ke nan: gargaɗi ne ga marasa lafiya, ba alamar giya ba.

Saboda haka wanda ya san yana da fuka, kuma ya jarraba ya ga irin waɗannan kaya suna tayar masa da ita, ko likita ya gargaɗe shi, wajibi ne ya nisance su, domin Allah ya hana mu jefa kanmu ga halaka a Suratul Baƙara aya ta 195. Wanda numfashi ya sarƙe masa bayan cin abinci a gaggauta kai shi asibiti, kada a tsaya jiƙe-jiƙe. Mai ba baƙo abinci kuma, idan ya san baƙon yana da wannan lalura, amana ce a kansa ya sanar da shi.

Ko ga mai lafiya akwai iyaka. Kwamitin masana na Hukumar Lafiya ta Duniya da Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙayyade miligiram 0,7 a kan kowane kilo na nauyin mutum a yini. Mai nauyin kilo 60 rabonsa miligiram 42 ke nan, yaro mai kilo 20 kuma miligiram 14. Idan busasshen mishmish ya kai iyakar da doka ta yarda, giram 21 kacal ya cika rabon babba. Wannan ma'auni na abin da ake ci kullum ne tsawon rayuwa, ba wai wanda ya wuce shi rana ɗaya ya sha guba ba. A shekarar 2022 kuma hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta bayyana cewa masu yawaita cin kayan da ke da sulfit suna iya wuce haddin da babu damuwa a cikinsa. Maganin wannan yana cikin ladabin da aya ta 31 ta Suratul A'araf ta koya mana, na ci da sha ba tare da wuce iyaka ba. Jiƙa busassun ƴaƴan itatuwa a zubar da ruwan, ko dafa su, yana rage wani abu daga sulfit ɗin, sai dai mai fuka kada ya dogara da wannan.

Algus da sunan adanawa

Babban laifin da ake aikatawa da sulfit shi ne ha'inci. Idan aka barbaɗa shi a nama, naman yakan riƙe jansa kamar yanzu aka yanka, alhali ya kwana biyu ya soma lalacewa. Yana kuma kashe bitamin B1 da ke cikin naman. Saboda waɗannan dalilai ƙasashe da yawa suka hana sa shi a ɗanyen nama. A shekarar 2019 wani binciken gidan talabijin a Nairobi ta ƙasar Kenya ya fallasa yadda ake yi wa nama haka a wasu manyan kantuna, har hukuma ta rufe wuraren sayar da nama da dama.

Hukuncin wannan a bayyane yake. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya wuce wani mai sayar da tsibin abinci, ya cusa hannunsa mai albarka ya ji danshi a ciki, mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi, sai ya tuhume shi a kan rashin ɗora jiƙaƙƙen a sama inda mutane za su gani, ya kuma barranta daga mai algus. Wanda ya rina tsohon nama don a ɗauka sabo ne ya yi abin da ya fi na mai tsibin nan muni, domin ya haɗa yaudara da cutar da lafiya. Muna kira ga mahautanmu da masu kifi da masu sayar da kayan sanyi su ji tsoron Allah, kada su karɓi wani farin gari daga hannun kowa da sunan maganin adana kaya. Hukuncin ɗaya ne da na mai zuba maganin ƙwari a buhun wake ya kai kasuwa ba tare da ya faɗa ba, da mai goge kwanan watan lalacewa a jikin gwangwani. Adana abinci halal ne, kakanninmu sun yi shi da rana da gishiri da hayaƙi, kilishi shaida ne. Abin da aka hana shi ne ɓoye aibi.

Nasiha game da yaɗa labari

Ya ƴan'uwa, jerin lambobin E da ake turawa ta waya ana cewa duk haram ne ko duk guba ne, ba yau aka fara irinsa ba. Tun shekarar 1976 wata takarda ta yaɗu a Faransa, aka jingina ta ga asibitin ciwon daji na garin Bilijuwif kusa da Paris, tana cewa E330 shi ne mafi haɗari. Asibitin ya yi ta musanta ta, kuma E330 ba komai ba ne illa tsamin da ke cikin lemon tsami. Duk da haka takardar ta yi shekaru tana yawo daga hannu zuwa hannu. Allah ya umurce mu a Suratul Hujurat aya ta 6 da bin diddigin labari kafin mu yi aiki da shi, don kada mu cuci mutane cikin jahilci mu wayi gari muna nadama. Ya kuma yi kashedi mai tsanani a Suratun Nahli aya ta 116 ga masu sakin harshe suna halattawa da haramtawa ba da ilimi ba. Haramta halal ba tsantseni ba ne, shiga ne cikin haƙƙin da Allah ya keɓe wa kansa. Wanda ya ga ransa bai kwanta da wani abinci ba yana da damar ya bar shi, amma ba shi da damar ya ce wa jama'a haram ne, balle ya ɓata sunan mai kanti. Wanda kuma ya riga ya faɗi haka a kan ɗan'uwansa, ya koma inda ya faɗa ya gyara, ya nemi yafewarsa.

Abin da ya rage gare mu shi ne mu koya wa iyalanmu waɗannan kalmomi kaɗan da muka lissafa, wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, abin da ya shige duhu kuma a kai shi ga malamai ta fuskar hukunci, ga likitoci ta fuskar lafiya.

Allah shi ne mafi sani. Muna roƙonsa ya wadatar da mu da halal ɗinsa ga barin haram ɗinsa, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa albarka a kasuwanninmu, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.